Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Wannan Shekara

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Da maganar kuɗi zan fara, tunda ita ce ta hana ruwa gudu. Fiye da rabinmu ba su biya kuɗin wata ba tun bayan babbar Sallah, wasu ma tun bara. Na tura saƙo ta WhatsApp, na buga waya, wasu har a ƙofar masallaci na tare su ran Juma'a, amsar dai guda ce: "Ƙarshen wata in sha Allah, Malam Ma'aji."

Abin da ya kashe tafiyarmu zuwa garin Dessau na Jamus ke nan. Bikin waƙoƙin Kurt Weill, Bajamushe mai tsara kiɗa, da ake yi a can Dessau, garin haihuwarsa, yana faɗowa ne tsakanin ƙarshen Fabrairu da Maris, tikitin jirgin ƙasa kuma sai an saya da wuri yake araha. Lokacin da ya kamata a saya, asusu ba ya da nauyi. Masu cewa kwamiti ne ya yi sakaci su zo su duba littafin kuɗi, a buɗe yake.

Ɗan littafin fassarar waƙoƙin marubucin Jamus Bertolt Brecht ma bai fito ba, amma ba lalaci ba ne. Brecht ya rasu a 1956, dokar Jamus kuwa tana kare haƙƙin marubuci shekara 70 bayan rasuwarsa, don haka ba mu yarda mu buga komai ba tare da izini ba. Daga cikin waɗanda suka ɗauki alƙawarin fassara, ƙalilan ne suka kawo nasu.

Tarukan wata-wata an yi su yadda aka saba.

Daren tunawa da mawaƙiya Lotte Lenya kuwa, alhamdu lillahi, ya wanke mana zuciya. Mun fara haɗuwa a gaban gidan wasan Schiffbauerdamm, bakin kogin Spree a Berlin, inda aka fara nuna Dreigroschenoper, wasan kwaikwayon waƙa na Brecht, ran 31 ga Agusta 1928, Lenya ta fito a matsayin Jenny, mijinta Weill ya yi kiɗan. Daga nan muka wuce zaure. An sa muryarta ta ƙuruciya, siririya mai kaifi, sannan faifan da ta ɗauka bayan rasuwar Weill a 1950, murya ta yi ƙasa, ta yi kaushi. Ni dai ta biyun ta fi ratsa ni. Wata Hajiya ta ce mawaƙiya Gisela May ta ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Berliner Ensemble ta fi Lenya iya furta kalma, nan fa musu ya kaure har shayi ya huce. Matasa suka nemi a sa Marlene Dietrich da waƙoƙin da Friedrich Hollaender ya yi mata a 1930, aka biyo da Claire Waldoff mai rera waƙa da bakin mutanen Berlin. Bayanin yadda Weill da Hollaender suka bar Jamus a 1933, da 'yan Nazi suka hau mulki, ya sa zauren ya yi tsit. Godiya ga iyayenmu mata da suka kawo waina da miyar taushe daga aljihunsu.

Abin takaicin shi ne, fuskokin da ba mu gani ba duk shekara sun cika layin gaba a daren. Ku da kanku kun san kanku. Duk mai bashi ya biya kafin taron gaba, domin a ranar za a zaɓi sabon ma'aji, ni kam ba zan sake tsayawa ba.

Wassalam,
Ma'ajin ƙungiya