A bar yara su karanta abin da ya faru a ofishin 'yan sanda

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan cacar bakin da ake yi a Amurka, wai koya wa 'yan makaranta tarihin zaluncin 'yan sanda da wariyar launin fata zai sa su tashi da ƙin hukuma. Ni dai ban yarda ba, kuma birnin Chicago ne hujjata.

Tsakanin 1972 da 1991, wani babban ɗan sanda mai suna Jon Burge da yaransa sun gana wa mutum sama da 100 azaba don su amsa laifi, kusan dukansu baƙar fata. A jona wa mutum wayar lantarki a kunne ko a al'aura, a ƙaƙaba masa ledar rufe tafireta a ka har numfashinsa ya ɗauke. Wasu hukuncin kisa aka yanke musu a kan abin da suka faɗa cikin wannan uƙuba, sai a 2003 gwamnan jihar Illinois inda Chicago take, George Ryan, ya yi wa huɗu afuwa. Shi kuwa gogan naka, da aka same shi da laifi a 2010, ɗaurin shekara huɗu da rabi aka yanke masa saboda ƙaryar da ya yi bisa rantsuwa, don wa'adin tuhumarsa kan azabar ya riga ya wuce. Har ya mutu a 2018 yana karɓar fanshonsa.

A 2015 majalisar birnin ta nemi gafara, ta ware dala miliyan 5.5 aka raba wa mutum 57. Ga wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kurkuku, wannan ai cikin cokali ne. Abin da ya fi burge ni shi ne sharaɗin da waɗanda aka zalunta suka dage a kai, cewa dole a koyar da labarin a aji takwas da aji goma na makarantun gwamnati. An fara a 2017, ƙungiyar 'yan sandan birnin na ta ƙorafi. Wasu daga cikin mutanen kan shiga aji da kansu, yara su yi musu tambayoyi.

Yaron da aka kama yayansa a gabansa ai ba a makaranta zai fara jin labarin nan ba. A ƙofar gida zai ji shi ne cikin fushi da ƙarin gishiri, a aji kuwa da takardun kotu, da bayanin yadda lauyoyi da 'yan jarida da iyaye mata suka bi haƙƙi shekara da shekaru.

Mu ma bayan zanga-zangar EndSARS ta 2020 jihohi sun kafa kwamitocin bincike, mutane sun je sun ba da shaida da hawaye. Ina roƙon wakilanku su tambayi ma'aikatar ilimi ko akwai niyyar shigar da wani abu daga rahotannin nan cikin darasin tarihi ko na sanin haƙƙin ɗan ƙasa.

Na gode. Allah ya ƙara basira.

Wani malamin sakandare, Zariya