Hoton MRI na mama ba ya hana ɗiban tsoka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarka kan wani abu da ke ci mana tuwo a ƙwarya a nan jihar Kebbi. Mata da dama masu ƙullutu a mama suna roƙon a tura su hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura mai ƙarfin maganaɗisu, da fatan zai raba gardama ba tare da an soka allura an ɗebi tsoka ba, saboda maganar nan da ta zauna a zukata cewa daji ba ya son ƙarfe. Sai maigida ya sayar da hatsi ko dabba, a taso daga Zuru ko Yawuri a yi doguwar tafiya, a dawo kuma likita ya ce sai an ɗebi tsokar.

Ƙarfin wannan hoto yana cikin ruwan da ake ɗurawa ta jijiya, mai sinadarin gadoliniyam. Hoton da aka ɗauka babu shi bai da amfani wajen neman sankara. Mace za ta kwanta rub da ciki, mamanta biyu su sauka cikin wani mazubi na musamman. A fara ɗaukar hoto kafin allura, sannan a ɗura ruwan, galibi mililita 0.2 ga kowane kilo na nauyinta, wato mililita 12 ga mai kilo 60, a bi shi da ruwan gishiri mililita 20. Daga nan a yi ta maimaita hoton na wajen minti 6 zuwa 8. Aikin duka yakan ci minti 30 zuwa 45.

Sankara tana ƙirƙiro wa kanta sababbin hanyoyin jini masu yoyo. Shi ya sa takan sha ruwan da sauri, ta yi haske cikin minti 2 na farko, sannan ta sake shi ta dusashe. Ƙullutu marar illa yakan sha a hankali, haskensa na ƙaruwa har ƙarshe. Akwai kuma mai tashi ya tsaya cak, wanda ke sa likita shakka. Amma a ganinmu siffa ta fi wannan nauyi. Gefe mai ƙayoyi, ko haske da ya zagaye baki ya bar tsakiya da duhu, abin tsoro ne ko da ya sha ruwan a hankali. Mai siffar ƙwai, sumul, da siraran layuka baƙaƙe a ciki, ya fi kama da ƙarin nan marar illa da 'yan mata ke yawan samu. Jakar ruwa kuwa cikinta ba ya haske sam.

Hoton ba ya cika barin sankara ta wuce, amma yana yawan zargin abin da ba ita ba. Kaluluwa, kumburin nono da tabon tiyata na kwanan nan duk suna haske. Nonon mai shayarwa ma haka. Sauyin sinadaran jiki da ke tafe da al'ada kan sa lafiyayyen mama ya sha ruwan, don haka an fi so a yi shi tsakanin rana ta 7 da ta 14 daga fara haila. A lissafa wannan kafin a biya kuɗin mota. Motsi kaɗan a cikin na'urar ma yana ɓata aikin, domin kwamfuta tana ɗebe hoton farko ne daga na baya.

Mai ciwon ƙoda ta yi gwajinta tukuna. Ba a ɗura wa mai ciki wannan ruwa, kuma mai na'urar bugun zuciya ko wani ƙarfe a jiki ta faɗa tun a bakin ƙofa.

'Yan'uwanmu mata, sikanin da mamogiram (hoton X-ray na mama) su ne matakin farko, kuma sun fi sauƙin kuɗi. Idan takardar sakamako ta nuna BI-RADS (ma'aunin da ke nuna girman zargin sankara a hoton mama) 4 ko 5, sai an ɗebi tsoka an duba a ɗakin gwaji. Allurar ba ta tunzura daji. Watannin da ake ɓatawa ana gudunta ne ke ba shi damar kai wa hammata. Wadda aka rubuta wa 3 kuma ta koma bayan wata 6, ko da ba ta jin ciwo.

Wassalam.

Daga wasu likitoci da ma'aikatan sashen hoto,
Birnin Kebbi.