Turken talabijin ɗinmu bai kai nan ba tukuna

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi shirinku na kimiyya na daren Asabar ya ja mini magana. Baƙon da kuka kawo ya ce turakun talabijin za su maye gurbin GPS, mai gabatarwa kuma sai "masha Allah" yake ta yi, bai ko tambaye shi a wace ƙasa ba. A Amurka ne! Su ne ke gwada abin da suke kira BPS, wato gano lokaci da wuri ta siginar turken talabijin, kuma a kan tsarinsu na watsa talabijin mai suna ATSC 3.0 aka gina shi. Mu nan Gana wani tsarin ne dabam namu, DVB-T2. Wannan ko da wasa ba a ambata ba.

Gyaran talabijin da ɗaura eriya ne sana'ata a Aboabo. Washegari wani yaro mai tuƙa pragya, wato babur mai ƙafa uku, ya shigo mini da dikoda a leda, wayar wutarta naɗe da salatif, wai in "buɗe" masa ita ta riƙa nuna masa hanya. Na ce ba ya yiwuwa. Ya ce ai rediyo ta faɗa, ni ne dai ban iya aikina ba. A gaban mutane fa, har da yaran shagona!

Ban ce dabarar banza ba ce. Taurarin GPS suna can nisan sama da kilomita 20,000, kafin siginarsu ta iso ƙasa ta galabaita, 'yar ƙaramar na'ura ma tana iya toshe ta. Turken talabijin kuwa ga kusa ga ƙarfi, har ɗaka siginarsa ke shiga. Amma sai an haɗa shi da agogo mai tsananin daidaito, domin kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, mita 300 ke nan a ƙasa. Kuma turke ɗaya lokaci kawai zai ba ka, irin wanda bankuna da kamfanonin waya ke buƙata. In inda kake tsaye kake son sani, sai na'urarka ta kama aƙalla uku daga ɓangarori dabam-dabam.

Uku! Ni da nake wuni a kan kwano, rana na gasa ni, ina juya eriya don ɗaya tak ya tsaya, Hajiya daga tsakar gida tana ta "ya zo, a'a ya tafi", ina zan samo uku? Shi ya sa ma gidaje da yawa suka koma dish, wanda shi ma tauraron dai yake kallo. Ban ma zo kan dumso ba, wato ɗauke wutar lantarki.

Don Allah ku dawo da baƙon nan ya gyara maganarsa da bakinsa, a lokacin da ya yi ta, ba can tsakar dare ba.

Sannan tallan maganin basir ɗin nan da kuke yanke shiri da shi, ku rage masa ƙara. Mutum na cin tuwo da iyalinsa sai a fara lissafa masa alamomi.

Naku,
Mai gyaran talabijin,
Aboabo, Kumasi