Godiya ga shagon da ya tashi garmahon mahaifina

Zuwa ga maigida da yaransa na shagon gyaran rediyo da kayan sauti, Sabon Gari, Kano.

Assalamu alaikum. Na ga godiyar baki ba ta ishe ni ba, shi ya sa na rubuto ta inda jama'a za su gani.

Ranar da na kawo muku garmahon marigayi mahaifina, na riga na fid da rai da shi. Wurare biyu aka ce mini in haƙura, wai zamaninsa ya wuce. Kai kuwa, Baba, ka buɗe shi a gabana, ka nuna mini bel ɗin da ya saki ya yi danƙo, da allurar da ta cinye. Ka ce injin lafiyarsa ƙalau, kuma ba ka ƙara mini ko kwabo a kan kuɗin abin da ka canza ba. Ka yi ta daidaita gudunsa har ya tsaya daram a juyi 33 da sulusi cikin minti ɗaya.

Faifan da na riƙo don gwaji shi ne Kind of Blue na mai busa ƙahon kiɗan jazz Miles Davis, wanda kamfanin Columbia ya fitar a 1959. A zama biyu kacal aka ɗauke shi a birnin New York, ranar 2 ga Maris da 22 ga Afrilu. Kafin ka ɗora shi, sai da ka sa ƙyalle mai laushi ka bi zagayen layukansa, ka fitar da ƙurar hunturu ta shekaru. Ka kuma gargaɗe ni in daina jibga fayafai a kwance, in tsai da su nesa da rana kada su lanƙwashe.

Da allura ta sauka a kan waƙar farko, So What, shagon ya yi tsit. Fiyanon Bill Evans ya shigo a hankali, sannan Paul Chambers ya ja baiti da babban gogensa na bas, masu busa suna karɓa masa kamar 'yan amshi. Abin da nake jira shi ne dukan farantin tagullar nan da makaɗin ganga Jimmy Cobb ya yi daidai shigowar ƙahon Miles. Mahaifina a nan yake ɗaga yatsa ya ce mu saurara. Wallahi na ji shi tas, har amonsa ya baje ya ɓace. Miles ba ya gaggawa, yana barin sarari tsakanin busa da busa. John Coltrane mai busa saksofon kuma ya zo kamar ruwan Agusta. Ƙaramin yaronka ya ajiye sukudireba ya tambaye ni ko waƙar ba ta da mawaƙi. Ka ce masa ya kasa kunne, ƙahon ne ke magana.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya ƙaro kasuwa, ya raya yaran da kake koyarwa. Akwai sauran fayafai a akwatin, ranar Asabar in Allah ya yarda zan kawo su a wanke.

Naku,
Abokin cinikinku daga Fagge