A faɗa wa jama'a gaskiya kan allurar rigakafi, kuma ta bakin waɗanda suka sani

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in yi magana da hukumomin lafiya na jiharmu ta Bauchi da na tarayya kan yadda ake isar wa jama'a saƙon kariya da rigakafi a lokacin annoba. Tun a watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa da ta ɗora a kan korona, mutane da yawa kuma sun ɗauka an rufe wannan babi, amma ni ina ganin yanzu ne ya dace a zauna a duba inda aka yi kuskure, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu mutanen Azare mun gani da idanunmu. A watan Mayun 2020 jana'izar dattawa ta yawaita a garin nan har gwamnati ta sanya dokar kulle a ƙananan hukumomin Katagum da Giyaɗe da Zaki. Kafin nan Gwamna Bala Muhammad da kansa ya kamu a watan Maris, Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa a lokacin, kuma ya rasu a Afrilu. Duk da haka, abin da ake faɗa a majalisu da teburin mai shayi shi ne cutar ta masu hawa jirgin sama ce. Saƙonnin da ke shigowa wayoyinmu yawancinsu da Turanci suke, waɗanda aka mayar Hausa kuwa ba su yi la'akari da rayuwarmu ba. An ce wa mai sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ya riƙa wanke hannu da ruwa mai gudana, an ce wa wanda sai ya fita yake samun abin da zai ɗora tukunya ya zauna a gida. Abin da ya fi amfani, wato yadda za a kare tsoho ko mai ciwon suga a gidan da mutum ashirin ke kwana, da muhimmancin buɗe tagogi da zama a sarari, bai samu fili sosai ba.

Da allurar korona ta iso Najeriya ranar 2 ga Maris 2021, kusan guda miliyan 4, sai aka nuna Shugaba Buhari a talabijin ana yi masa, aka ɗauka hakan ya wadatar. Ni ina cikin waɗanda suka fara miƙa hannu a unguwarmu. Washegari na tashi da zazzaɓi da ciwon jiki, hannun ya yi nauyi, na kwana biyu ban fita masallaci ba, kuma babu wanda ya gaya mini haka na iya faruwa. Maƙwabtana da suka zo duba ni, waɗanda na sha fama da su kafin su fara saukowa, daga nan suka ja da baya. Har yau abin yana damuna, domin da an ɗauki minti biyu an bayyana mana cewa allurar tana koya wa garkuwar jiki gane ƙwayar cutar ne, kuma ɗan zazzaɓin alama ce ta jiki ya kama aiki, da ni da bakina zan kwantar musu da hankali. Haka kuma ba a fito fili an ce wanda ya yi allura yana iya kamuwa ba, babban amfaninta shi ne rage tsananin ciwo da mutuwa. Shi ya sa da wasu suka kamu bayan allura, masu bidiyon cokali yana mannewa a damtse suka samu abin faɗa. A Disambar 2021 da aka lalata allurai sama da miliyan ɗaya da wa'adinsu ya ƙare a Abuja, abin da ya iso kunnen talaka shi ne ana yi wa mutane lalatacciyar allura, alhali lalata su ɗin shaida ce ta cewa ba a yarda a yi amfani da su ba.

Ya kamata jami'an lafiya su daina kallon mai shakka a matsayin jahili, domin shakkar tana da tushe. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi shari'a har aka kai ga sulhu kan biyan diyya a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan-inna a 2003, cutar kuma ta yaɗu zuwa wasu ƙasashe. Abin da ya warware matsalar shi ne an saurari mutane: Kano ta koma yin allurar a 2004 bayan an samo ta daga Indunisiya, sannan a 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi, hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga gaba, wasunsu suka fara da 'ya'yan cikinsu. Da wannan aka kai ga ranar 25 ga Agustan 2020, lokacin da aka bayyana cewa an kawar da ƙwayar shan-inna ta asali daga Afirka. Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, shi ne ke shugabantar hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa a lokacin da aka kafa kwamitin, don haka darasin ba baƙo ba ne a gidanmu.

Malamanmu ma umarnin rufe masallaci aka fi aika musu, ba a zauna da su an yi musu bayani ba, alhali suna da hujja a hannu. Akwai hadisin da ya hana shiga garin da annoba ta ɓarke ko fita daga cikinsa, akwai kuma labarin Sayyadina Umar da ya juya daga hanyar Sham saboda annoba. Alhazanmu shekara da shekaru suna karɓar allurar sanƙarau da ta shawara kafin su tashi, dattawanmu kuma har yanzu suna ɗauke da tabon lamba a damtse, wadda da ita aka ga bayan agana.

Roƙona ga ma'aikatar lafiya ta jiha shi ne ta fara wannan aiki tun yanzu, musamman da yake zazzaɓin Lassa yana dawo mana kusan duk rani. A tanadi lokaci a gidajen rediyo duk mako inda likita zai amsa tambayoyin masu kira kai tsaye da Hausa da Fulatanci da sauran harsunan jihar, ko da tambayar ta jita-jitar cewa allura tana rage haihuwa ce. A koya wa unguwarzoma da malaman Islamiyyar matan aure yadda allura take aiki, domin su ne mata ke tambaya a ɓoye. A kuma samar da magani a ƙananan asibitocin unguwa, saboda tambayar da na fi sha daga iyayen ɗalibaina ita ce: me ya sa ake bin mu har gida da allura kyauta, amma in yaro ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro sai mun sayi magani da kuɗinmu?

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Malamin makaranta mai ritaya,
Azare, Jihar Bauchi.