Wasiƙa zuwa ga aminina: Feynman da ajina

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Yaya sanyin can? Mu nan sai godiya.

Ka tambaye ni abin da ya sa na daina tilasta wa ɗalibaina hadda. Richard Feynman ne sanadi, masanin fiziks ɗin nan na Amurka da ya samu kyautar Nobel a 1965 tare da wasu masana biyu, Schwinger da Tomonaga, kan yadda haske da ilektiron (ƙwayar lantarki) ke cuɗanya. Abin da ya fi kama ni a tarihinsa shi ne zamansa a Brazil a 1951, yana koyarwa a birnin Riyo. Ya tarar ɗalibai sun haddace littafi tsaf. In ya tambayi wata ƙa'ida ta haske sai su zubo ta tiryan-tiryan, amma da ya nuna musu hasken rana da ke dawowa daga ruwan teku ta taga, sai aji ya yi tsit. Wallahi da na karanta wannan, yarana na gani, kuma da hannuna na mayar da su haka.

Ka tuna kumbon Challenger da ya tarwatse ranar 28 ga Janairun 1986, mutum bakwai suka rasu, ciki har da wata malamar makaranta? Feynman na cikin kwamitin bincike. A gaban kyamara ya matse guntun robar da ke toshe mahaɗar roket ɗin, ya tsoma a kofin ruwan ƙanƙara. Da ya saki, robar ba ta koma yadda take da wuri ba. Safiyar harba kumbon kuwa an yi muku-mukun sanyi. Kowa ya gane ba tare da dogon turanci ba. Lokacin yana fama da ciwon daji, wanda ya yi ajalinsa a Fabrairun 1988.

Makon jiya na ɗaure duwatsu biyu, babba da ƙarami, a igiyoyi masu tsawo ɗaya, na ce wa ɗalibai su yi lilo da su, su ƙirga. Wata yarinya daga bencin baya ta miƙe ta ce, "Malam, ai tare suke dawowa!" Ta maimaita har sau uku don ta gaskata idonta. Ranar na koma gida da farin ciki.

Don Allah in ka ci karo da littattafan laccocin Feynman uku na jami'ar Caltech ta Amurka, waɗanda ya gabatar daga 1961 zuwa 1963, ka saya mini ko tsofaffi ne, zan turo kuɗin.

A gaishe da mai ɗaki da yara.

Naka har kullum.