Wasiƙa zuwa ga Bulus a Fatakwal

Wusasa, Zariya

Ɗan'uwana Bulus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya iyali, yaya ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa? Mu nan sai godiya.

Saƙonka ya iso. Ka ce mutanen mazaɓarku sun matsa ka dawo gida ka tsaya takarar kansila, kai kuma kana tsoron kada siyasa ta ɓata maka shaida. Ni dai na ce ka tsaya. Ka manta ƙasar da ta haife mu ne? Dakta Dikko ɗan Wusasa ne, Kirista, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Farfesa Ishaya Audu ya tsaya wa Azikiwe mataimaki a zaɓen 1979. Daniyel ma ai a fadar Babila ya yi aiki, ya rusuna wa gunki?

Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka kai takararka kan bagade. Gabanin zaɓen 2023, lokacin da ake ta cacar baki kan tikitin Musulmi da Musulmi, wani ɗan takara ya zo wata majami'a da na je sujadar godiya. Ya sauke buhunan shinkafa da turamen atamfa don zumuntar mata, fasto ya miƙa masa makirufo ana tsakiyar baiko. Wata tsohuwa kusa da ni ta ja gyalenta, ta ce a hankali, "Yau kuma wa muka zo yi wa sujada?" Kunya ta rufe ni. Ya ci zaɓen kuwa, tun daga ranar ko ƙurar motarsa ba su ƙara gani ba.

In ka fito, ka nemi ƙuri'ar Malam Sani mai shayi kamar yadda za ka nemi tawa, da maganar rijiyar burtsatsen da ta lalace da rufin firamaren da iska ta yaye. Irmiya 29:7 cewa ya yi a nemi lafiyar birnin, bai ware unguwa ba. Za a kawo maka kuɗi a ce ka raba ranar zaɓe. Ka yanke shawara tun yanzu, kafin jakar ta shigo ɗakinka.

Ka fara mayar da katin zaɓenka gida. In ka zo Kirsimeti mu zauna da Baba Dauda, ya san kan mazaɓar nan fiye da mu duka.

Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka,
Yakubu